Mutum uku za su bar makarantarmu, amma suna biyu aka ba ni in rubuta. Ya zan yi?

Sabuwar_Malama ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka ga jiya suka ga yau a harkar koyarwa. Shekarata biyu kenan a wata sakandare, Turanci nake koyarwa, kuma kun san halin makaranta, da an ce rubutu sai kowa ya waiga ya kalli malamar Turanci. Toh a mitin ɗin ranar Litinin firinsifal ya ɗora min takardar labaran ƙarshen zango, wadda ake bugawa a ba yara su kai gida a kuma tura ta guruf ɗin iyaye na WhatsApp. Shafi huɗu ya ce, kada in wuce ko da layi ɗaya, kuma sati biyu ya rage a yi hutu.

Labaran kansu ba su dame ni ba, an gyara rufin laburare, an samu sabbin kujeru a ƙananan azuzuwa, 'yan muhawara sun zo na biyu a gasar makarantu, 'yan ƙwallo sun ɗauko kofi, sakamakon jarabawar fita ya fi na bara, wannan duk mai sauƙi ne. Inda na maƙale shi ne shafin bankwana. Takardar da aka miƙo min daga ofis suna biyu ne a jiki. Na farko malamin lissafinmu da zai yi ritaya bayan shekara 31 a makarantar nan, shi kam ba matsala, kowa so yake ya tofa albarkacin bakinsa har sai na rage. Ta biyu malamar kemistiri da aka yi wa canjin wurin aiki, shekara uku ta yi, kuma gaskiya dutse a hannun riga aka rabu, tun zuwanta take sa-in-sa da ofis a kan kayan gwaji da ba a sayo ba, har ta taɓa faɗa a gaban kowa cewa ita ta gaji da koyar da firaktikal a kan allo. Firinsifal ya ce min "ita layi biyu ya ishe ta". Ga shi kuma 'yan ajin ƙarshe sun riga sun kawo min wasiƙa shafi guda cur a kanta.

Sai abin da ya hana ni barci. Jiya na je karɓar makulli a ɗakin gwaje-gwaje na tarar da Baba mai kula da ɗakin yana zuba kayansa a buhu, tsohuwar rigar aikinsa, 'yar rediyonsa, da wasu littattafai masu baƙin bango guda bakwai. Na ce Baba ina zuwa haka? Ya ce ai shi ma ƙarshen watan nan ya gama, ido ya yi rauni. Wallahi ban sani ba, da na tambaya a ɗakin malamai rabinsu ba su da labari. Mutumin nan fa ya riga malamin lissafi zuwa makarantar da shekara biyu. Na buɗe ɗaya daga cikin littattafan, ashe duk kwalbar da ta fashe da duk sinadarin da ya ƙare sai ya rubuta, da kwanan wata da ajin da ya yi aiki da shi, amma ban ga sunan yaro ko ɗaya ba. Na ce Baba me ya sa ba ka sa sunan wanda ya fasa? Ya yi dariya ya ce in ya sa ai cewa za a yi su biya. Sunansa ba ya cikin takardar ofis, da na yi wa wani magana sai ya ce wai ai shafin na malamai ne.

Tambayata uku ce. In saka Baba ko da ba a ce in saka ba? Me zan rubuta a kan malamar nan da ba zai zama ƙarya ba kuma ba zai ja min fushin ofis ba, ni da ko tabbatar da ni a aiki ba a yi ba tukunna? Sannan shafin nasarori, abin da na tarar ana yi shi ne a jera na ɗaya zuwa na uku na kowane aji da makinsu da hotonsu shikenan, ni kuma abun bai kwanta min ba amma na kasa gane dalili. Na gode.

Ɗan_Alli ya rubuta:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Saka shi kawai. Amma kada ki yi wa oga ba-zata, shugabanni ba abin da suka tsana irin su ga abu a buge ba da saninsu ba. Ki rubuta ki kai masa ki ce "Yallaɓai na ga kamar an manta da Baba a ofis, ga abin da na ɗan tsara ko za ka duba", kinga kin ba shi ƙofar da zai ce eh ba tare da ya ji kunya ba, ƙila ma gobe a asambili ki ji ya ce shi ya tuna hhh. Ki bar masa, ke dai sunan ya fito. Kan shafin kuma ki mayar da shi "Ma'aikatanmu masu tafiya" maimakon "Malamanmu", kin toshe bakin mai cewa shafin na malamai ne.

Tsohon_Mataimaki ya rubuta:

'Yata sannu da ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Ni a mataimakin firinsifal na yi ritaya, kuma kafin nan na fi shekara goma ina haɗa irin takardar nan, don haka ki yi haƙuri da tsoho zan ɗan ja zance.

Saka sunan Baban ɗakin gwaji, abin da Ɗan_Alli ya faɗa shi ne, ba ni da ƙari. Abin da ya fi damuna daban ne: kada ku bari mutumin nan ya fita da abin da ke cikin kansa. Malamai ana kawo su ana ɗauke su, firinsifal ma haka, amma mai gadi da akawu da mai kula da ɗakin gwaji su suka san makaranta ciki da bai, su suka san wane makulli ne na wace ƙofa da inda bututun ruwa ya bi ta ƙarƙashin ƙasa. Ki samu wanda zai karɓi kemistiri, ko ke da kanki, ku zauna da shi ko awa biyu ne da biro da takarda ku bi kanta bayan kanta. Wanne ne ba a ajiyewa kusa da wanne, me ya sa asid ke gefe guda su sodiyam haidiroksaid ke ɗaya gefen, me ya sa silba naitiret ke cikin kwalba mai duhu (haske ne ke lalata shi), wanne ya tsufa har ya kamata a rabu da shi. A wata makaranta da na yi aiki mai kula da ɗakin ya tafi haka nan ba wanda ya tambaye shi komai, bayan wata biyu wani sabon lebura mai son aiki ya ga kwalba da wasu dunƙule-dunƙule a cikin mai, man ya yi ƙasa, ya ɗauka datti ne ya nufi famfo zai wanke. Sodiyam ne, wanda takanas ake nutsar da shi a mai don kada ya haɗu da ruwa ko laimar iska, domin da ya taɓa ruwa sai ya hau tafarfasa yana fitar da iskar haidirojin har wuta ta kama. Allah ya kawo wani malami daidai lokacin ya daka masa tsawa. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Littattafan nan masu baƙin bango ki roƙe shi ya bar su, in ya ƙi ki ɗauki hotonsu shafi-shafi da wayarki.

Sai yadda ake rubuta bankwana. Akwai kalmomi huɗu da daga baya na haramta wa alƙalamina: haziƙi, jajirtacce, mai haƙuri, uba ga kowa. Ba wai ƙarya ba ne, sai don in kin cire sunan mutum kin sa na wani za su zauna ɗas, toh kinga ba shi kika yaba ba, kujerarsa kika yaba. Ki nemo abu ɗaya da shi kaɗai ke yi. Na Baba ma ga shi kin riga kin samu, littafin da babu sunan wanda ya fasa, wannan kaɗai ya isa, duk tsohon ɗalibin da ya karanta zai tuna ranar da kwalba ta suɓuce masa ya tsaya jiki na rawa. Na malamin lissafi ki tambayi yara, me yake cewa da ya shigo aji, ya yake riƙe alli, wace magana ce tasa da suke kwaikwayo in ya ba da baya, akwai ta, ba malamin da ba shi da ita. Ni ranar nawa taron wani ya miƙe ya yi minti ashirin yana karanta tarihina, ya ce labarin ƙasa na koyar, ni kuwa tarihi na koyar duk rayuwata, allon karramawar da aka ba ni ma ba a rubuta sunana daidai ba, yana can bayan kabad ƙura ta rufe shi. Abin da ke cikin jakata har gobe wata 'yar takarda ce da wata yarinya ta yago daga littafinta, ta rubuta cewa ni na je har gida na roƙi babanta kada ya cire ta daga makaranta tana aji uku. Ni na ma manta na je.

Kuma tunda kin shiga maganar, ki ja malamin lissafi gefe ki tambaye shi ko fayil ɗinsa ya cika, shi da Baba duka. Takardar ɗaukar aiki ta farko, ta tabbatarwa, takardun ƙarin girma kaf, ta albashin ƙarshe, sannan ranar haihuwa ta zo ɗaya a ko'ina. Ni takardar ƙarin girma guda ɗaya tal ce ta ɓata a nawa, na kusa shekara ina safa da marwa daga wannan ofis zuwa wancan kafin fansho ya fara fitowa, waɗanda suka yi ta tafi ranar taro ba wanda ya san halin da nake ciki. Taro awa biyu ne, fayil kuwa da shi mutum zai ci sauran kwanakinsa.

Malamar kemistiri kuwa ki rubuta abin da ba mai musu a kai, shekarun da ta yi, azuzuwan da ta ɗauka, ki ciro jimla biyu ko uku daga wasiƙar yara ki bar su a bakinsu, ki yi mata fatan alheri. Rigimar ofis a bar kaza cikin gashinta. Harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma duniya juyi-juyi ce, wadda aka ɗauke yau tana iya dawowa ita ce shugabarki.

Ba_Ɓoye_Ɓoye ya rubuta:

Baba ranka ya daɗe, da girmanka da komai amma wajen kazar nan kam ban yarda ba. Ai irin wannan rufa-rufar ce ta mayar da taron bankwana wasan kwaikwayo, mutumin da shekara uku bai amsa gaisuwarta da daɗi ba shi zai karɓe makirufo yana cewa mun yi babban rashi har da share ido. Matar nan me ta yi? Cewa ta yi yara su taɓa kayan gwaji da hannunsu maimakon a zana musu bututu da alli, toh in wannan laifi ne sai a faɗa mana mene ne aikin malamin kimiyya. Da ni ne ƙarara zan rubuta cewa ta tsaya kai da fata sai an yi firaktikal, ba zagi a ciki ba sunan kowa, wanda ya tsargu shi ya san abin da ya taka.

Kuma ni gaba ɗaya ma halin nan na sai mutum zai tafi sannan a san da shi ne ke ci min rai. Ga Ranar Malamai ta Duniya nan 5 ga Oktoba kowace shekara, UNESCO ta fara ta a 1994 don tunawa da shawarwarin da ita da ƙungiyar ƙwadago ta duniya suka fitar a 1966 kan matsayin malamai, horonsu da albashinsu da yanayin aikinsu, makarantu nawa ne ke ko ambatonta a asambili? Ku duba Peter Tabichi na Kenya da ya ci kyautar gwarzon malamin duniya ta Gidauniyar Varkey a 2019, dala miliyan ɗaya, ɗan Afirka na farko da ya ɗauke ta, a lokacin malamin lissafi da fiziks ne a wata sakandaren ƙauye mai kwamfuta ɗaya tal, kowane malami na fama da yara 58, kuma kashi 80 cikin 100 na albashinsa bayarwa yake ga mabuƙata. Yana tsakiyar aiki aka karrama shi, da ƙarfinsa da alli a hannunsa. Ban ce kowa sai an ba shi miliyan ba, amma layi biyu a takardar zango tun mutum na shekara ta goma a aiki me zai ci? Sai ido ya mutu gwiwa ta ƙi sannan a kira mutum gaban jama'a a miƙa masa agogon bango, ya kai gida ya rataye ya riƙa kallon lokaci alhali ba inda za shi.

Tsohon_Mataimaki ya rubuta:

Ɗana ba ka yi ƙarya ba, sai dai ba sunanka ne zai fito a ƙasan takardar ba, yarinyar nan ko tabbatar da ita ba a yi ba. Shi ya sa na ce ta bar maganar a bakin yara. In ɗalibi ya rubuta cewa ita ce ta fara sa su riƙe bututun gwaji da hannunsu ai an faɗi abin da kake so a faɗa, kuma ba shugaban da zai goge wannan bai tona kansa ba. Maganar agogon bango kam ka buga daidai, biyu gare ni.

Uwar_Yara_Huɗu ta rubuta:

Malama ni ba ma'aikaciyar makaranta ba ce, uwa ce, kuma tambayarki ta uku ce ta tsayar da ni, bari in faɗa miki dalilin nan da kika ce kin kasa ganewa. Yarana biyu sakandare ɗaya suke. Babbar tun tana ƙarama ba ta wuce na biyu, hotonta ya fito a takardar makaranta ya fi sau biyar har ta daina nuna min. Ƙanenta kuwa lissafi ya hana shi sakat, zangon farko 28 ya samu, ya riƙa tsayawa kullum bayan an tashi wajen wani malami Allah ya saka masa da alheri, zangon ƙarshe ya kawo 54. Ni na san abin da 54 ɗin nan ta ci, sau nawa ina tarar da yaron nan ya yi barci a kan littafi biro na hannunsa. Ranar hutu takarda ta zo, ga yayarsa a shafin gaba tana murmushi, shi ko a lungu babu shi, daga baya na tsinci tasa a ƙasan jaka a cukuikuye. Bai ce uffan ba, amma da aka dawo bai ƙara tsayawa darasin yamma ba. Ban ce a cire masu na ɗaya ba, 'yata na ciki, yabon gwani ya zama dole, amma in kin duba takardun baya za ki ga sunayen nan dai su ne ke ta maimaituwa shekara da shekaru, sauran ɗaruruwan yara kamar 'yan rakiya.

Na biyu dan Allah maganar hoto da maki. Da can takarda ce ake bugawa ta ƙare a cikin gida, yanzu kuwa da kin tura guruf cikin minti biyar ta bar hannunku, wannan ya tura wa 'yar'uwarsa waccan ta ɗora a Facebook, sai ga cikakken sunan yarinya da fuskarta da ajinta da sunan makarantarta a wayar wanda ba ku taɓa gani ba. Tawa 'yar wani mutum ya taɓa tare ta a hanya ya kira sunanta har da na mahaifinta yana mata barka, ta dawo gida a tsorace, har yau ba mu san ko waye ba. Ku riƙa tambayar iyaye tukunna, ko 'yar takarda ce a sa hannu a farkon shekara, wanda bai yarda ba a bar nasa. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ma a sashe na 16 ta yi maganar kare sirrin yaro, ba ni na ƙirƙiro ba. Maki kuma ku bar shi a takardar sakamako, tsakanin yaro da iyayensa da malaminsa.

Mai_Jan_Biro ta rubuta:

Mama ta gama magana wallahi. Kuma shafin nan ba na ƙasa kaɗai yake taɓawa ba, har su masu na ɗayan. Akwai binciken da Claudia Mueller da Carol Dweck suka wallafa a 1998 a Amurka da yara 'yan aji biyar na firamare, an ba su wasu tambayoyi, da suka gama aka yabi wasu da cewa suna da ƙwaƙwalwa, wasu kuma aka yabe su da cewa sun yi aiki tuƙuru. Da aka ba su zaɓin abin da za su yi gaba, waɗanda aka yabi ƙwaƙwalwarsu suka fi karkata ga mai sauƙi don kada asiri ya tonu, da aka kawo mai wuya suka kasa sai suka karaya har aikinsu ya koma ƙasa da na farko, da yawansu ma suka ƙara wa makinsu gishiri lokacin da aka ce su faɗa wa wasu yara. Waɗanda aka yabi ƙoƙarinsu kuwa dagewa suka yi. Duk malamin da ya taɓa ganin mai na ɗaya tana kuka don ta zo na uku ya san abin nan ba sai an kai shi Amurka ba.

Mu a tamu makarantar kowane fom masta suna biyu yake bayarwa, wanda ya fi kowa maki da wanda ya fi kowa matsawa gaba daga zangon baya, takardar maki ce ke nunawa don kada a ce son kai. Sai layi ɗaya na waɗanda rajista ta nuna ba su yi fashi ko na rana ɗaya ba. 'Yan ƙwallo da 'yan muhawara kuma a sa har na benci da malamin da ya riƙa tsayawa da su a rana, don sau da yawa za ki ga hoto kofi na hannun firinsifal, wanda ya horar da su yana can baya rabin kansa ne ya fito. Amma kada ki zarce ki ce kowa sai an yabe shi, yara ba wawaye ba ne, sun san yabon da aka yi don a rufe baki. Wuri kuma in an rage jawabin firinsifal daga shafi guda zuwa rabi zai isa, sai dai wannan faɗan ba da ni ba hhh.

Ki kuma sanar da tsofaffin ɗalibai da wuri, shekara 31 ba wasa ba, akwai waɗanda 'ya'yansu ne ke ajinsa yanzu. Wanda ba zai samu zuwa ba ya turo saƙon murya na minti ɗaya a haɗa masa.

Sabuwar_Malama ta rubuta:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci, na dawo in faɗa muku yadda aka ƙare. Na bi shawarar Ɗan_Alli na kai wa firinsifal na ce kamar an manta da Baba. Ya yi shiru ya cire tabarau ya ce "yaushe zai tafi?" Ashe shi ma bai sani ba, takardar Baba ta wajen akawu ta bi ba ta zo teburinsa ba, ni kuma na riga na yanke masa hukunci a raina, Allah ya yafe min. Nan take ya ce a sa shi. Jawabinsa ma ya yarda a rage, ba rabi ba dai, sakin layi ɗaya ya bari na cire, amma da hanau gara mannau.

Na malamar kemistiri mun ɗan ja. Na sa jimla uku daga wasiƙar yara kamar yadda Baba Tsohon_Mataimaki ya ce, ya karanta sau biyu ya ja layi a ƙarƙashin ɗaya, inda suka ce ko ranar da babu kaya ba ta taɓa ɓoye musu cewa babu ba, ya ce wannan a cire. Sauran biyun sun tsira. Malam Ba_Ɓoye_Ɓoye na san ba za ka gamsu ba, ni ma ban gamsu duka ba, amma ainihin wasiƙar na sa ta a ambulan na ba ta hannu da hannu, ta karanta a tsaye ba ta ce komai ba ta ninke ta sa a jaka.

Shafin nasarori na yi yadda Malama Mai_Jan_Biro ta ce, ba maki, hoto kuma na rukuni kawai ba cikakken suna a ƙasa, Mama na gode. Sai dai wani uba ya kira ya wanke ni tas, ɗansa ne ya zo na biyu a ajinsu, shekara uku ana sa shi bana ba a sa ba, ya ce yaron ma ai ba a kwance ya samu ba. Na rasa abin da zan ce masa don yana da gaskiyarsa, zango mai zuwa sai mun sake zama a kai. Fayil ɗin malamin lissafi ya cika, na Baba kuwa ranar haihuwa iri biyu aka gani a takardu biyu, akawu ya fara bi.

Ranar rufe makaranta da aka kira sunan Baba a asambili ba ya wurin, yana can yana wanke kwalabe, sai da aka tura yara suka taho da shi da rigar aiki hannu duk ruwa. Malamin lissafi ne ya karɓi makirufo ya ce duk wanda ya taɓa fasa wani abu a ɗakin gwaji ba a kai sunansa ofis ba ya ɗaga hannu. Ban iya ƙirgawa ba, amma na ga malamai biyu da suka yi karatu a nan su ma hannunsu a sama, Baba sai sunkuyar da kai yake yana goge hannu a jikin riga.

Littattafan ya bar mana shida, na farkon ya ce da shi zai tafi. Ranar Asabar za mu zauna da shi mu bi kantocin ɗaya bayan ɗaya. Baba Tsohon_Mataimaki in akwai abin da ya kamata in tambaye shi bayan waɗanda ka lissafa, dan Allah ka rubuto min kafin nan.